Babi na 6: Kwandala a Gindin Jigo

A watan Mayun 2021, ma'aikata a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth da ke kudancin Ingila suka kawo ƙatuwar na'urar ɗaga kaya, suka zare babban jigon tsohon jirgin yaƙin nan HMS Victory daga mazauninsa. Jigon na ƙarfe ne, nauyinsa ya haura tan 20, kuma tun 1894 yake kafe a wurin. Da aka duba inda gindinsa ya zauna, sai ga wata 'yar kwandala, tsatsa ta rufe ta, nauyi ya latse ta. Bayan an goge ta, kan Sarauniya Victoria ya fito a gefe guda, shekarar da aka buga ta kuma ta zo daidai da shekarar da aka kafa jigon. Shekara 127 ke nan tana kwance a cikin duhu.

Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ita ce mafi ƙanƙantar tsabar da Turawan Ingila ke kashewa a lokacin, kwatan kwabo. Dattawan da suka riski zamanin sisi da taro za su gane ƙimarta idan aka ce rabin ɗari ce, sai ka tara 48 kafin ka haɗa sule guda. Duk da haka, da ranar tunawa da yaƙin Trafalgar ta zagayo, 21 ga Oktoba na shekarar 2021, wannan 'yar kwandala aka sa a gilashi a gidan tarihin sojan ruwa mutane suna zuwa kallo. Victory shi ne jirgin da Admiral Nelson ya jagoranci yaƙin a cikinsa a 1805, a cikinsa kuma ya mutu, don haka ko ƙusa aka ciro daga jikinsa sai ta zama labari. Amma wannan ba faɗuwa ta yi daga aljihun wani ba. Da gangan aka ajiye ta, kuma wanda ya ajiye ta yana bin wata al'ada ce da ta haura shekara 2,000.

Wanda ya taso nesa da teku, jirgin ruwan da ya fi sani shi ne kwalekwalen da ake turawa da gora ko ake ɗaura wa inji a baya. Jirgin teku na da kuwa iska ce ke tura shi. Ana kafa masa doguwar sanda mai kauri a tsakiya, wato jigo, a rataya mata manyan ƙyallaye, iska ta cika su ta ja jirgin gaba. Duk ƙarfin iskar nan a kan jigon yake sauka, shi kuma ya sauke shi a gindinsa. Saboda haka ba a dasa jigo a kan daɓen sama. Ratsa shi yake yi ya gangara har can ƙasa, inda aka shimfiɗa wani ƙaton gungume a kan ƙashin bayan jirgin, aka fafe masa rami. Masassaƙa sukan fiƙe gindin jigon daidai da bakin ramin, ya shiga ya zauna daram kamar taɓarya a turmi. To cikin wannan rami ake jefa kwandalar, ana gab da sauke jigon. Da ya zauna, shi ke nan, babu hannun da zai sake kaiwa gare ta sai ranar da aka tumɓuke jigon ko jirgin ya wargaje.

Mafi kyan misali daga zamanin da, a tsakiyar Landan aka same shi. A 1962 ana aikin gina sabuwar katangar bakin Kogin Thames kusa da gadar Blackfriars, sai ma'aikata suka ci karo da katakai a cikin laka. Wani matashin mai binciken kayan tarihi, Peter Marsden, ya shiga tono, yana tsere da ruwan kogin da ke cika yana janyewa sau biyu a yini. Abin da ya fito jirgin dakon kaya ne na zamanin da Rumawa ke mulkin Birtaniya, an ƙera shi da itacen oak, tsawonsa kimanin mita 18, faɗinsa wajen mita 6, gindinsa a baje don ya iya zama a kan rairayi idan ruwa ya janye. An ƙera shi wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya nitse cike da dutsen gini da aka ɗauko daga yankin Kent, irin dutsen da aka gina ganuwar Landan da shi daga baya. A jikin katakansa akwai hujojin tsutsar nan mai cin itace wadda ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, shaidar cewa yakan fita teku, ba a kogi kaɗai ya yi rayuwarsa ba.

A cikin ramin jigonsa aka tarar da kwandalar tagulla guda ɗaya, ta zamanin sarki Domitian, wadda aka buga a birnin Rum tsakanin shekara ta 88 da 89. A bayanta akwai siffar Fortuna, gunkiyar da Rumawa suka jingina wa sa'a, tana riƙe da katakon da ake juya akalar jirgi da shi. Kwandalar ta sha hannu har ta goge, ta yi shekaru wajen sittin tana yawo a kasuwa kafin ta shiga ramin. A nan ne nake ganin hankalin mutumin ya bayyana. Tsabar Rumawa iri-iri ce, akwai mai hoton soja, akwai mai hoton haikali, akwai mai hoton dabba. Wanda ya zazzage jakarsa ya zaɓi wadda ke ɗauke da sa'a da akalar jirgi a hannu ɗaya ya san abin da yake roƙo. Roƙon nasa dai bai hana jirgin nitsewa da dutsensa ba.

Ba a Landan abin ya fara ba. A gaɓar kudancin Faransa, kusa da Saint-Raphaël, akwai wani jirgi da masana ke kira Chrétienne A, wanda ya nitse ɗauke da tulunan giyar inabi daga Italiya fiye da ƙarni guda kafin zamanin Annabi Isa (AS). Frédéric Dumas, abokin aikin shahararren mai nutso Jacques Cousteau, shi ya bincike shi, ya kuma ciro kwandala daga ramin jigonsa. Ita wannan an buga ta ne a Pantelleria, ɗan tsibirin da ke tsakanin Sisili da Tunisiya. Daga nan aka ci gaba da samun irinta. Lokacin da Deborah Carlson ta Jami'ar Texas A&M ta tattara su a wani nazari da ta wallafa a 2007, jiragen Rumawa fiye da goma ta lissafa, akasarinsu a yammacin Bahar Rum. Kusan dukkansu ƙananan kuɗi ne na tagulla, kuma galibi ƙwaya ɗaya tak.

Idan ka tambayi matuƙin jirgi na yau dalilin wannan al'ada, amsar da za ka fi ji ita ce kuɗin fito. Girkawa da Rumawa sun yi imani da cewa tsakanin duniya da gidan matattu akwai kogi, a bakinsa kuma akwai wani tsoho mai fito da ake kira Charon, wanda ba ya ɗaukar kowa kyauta. Wanda ya zo hannu rabbana sai ya yi ta gararamba a bakin gaɓa. Shi ya sa wasu iyalai kan sa wa mamacinsu 'yar kwandala a baki kafin a binne shi. Wanda teku ta ci kuwa ba shi da mai yi masa wannan sutura. Saboda haka, in ji masu wannan bayani, sai aka riƙa biya wa ma'aikatan jirgi kuɗin fitonsu tun kafin su tashi, a ɓoye a gindin jigo, ko da ta-kwana.

Labarin yana da daɗi a baki, shi ya sa ake maimaita shi a kusan duk bikin da sojan ruwa suka yi. Sai dai idan aka zauna aka auna shi, ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai. Mai fiton nan daga kowane fasinja yake karɓar kuɗinsa, to yaya ƙwaya ɗaya za ta fitar da mutum goma ko ashirin? Marubutan Girka da Rum sun yi ta ambaton Charon, sun kuma yi rubutu mai yawa a kan jirage da camfe-camfen matuƙa, amma ba su haɗa shi da gindin jigo ba. Sannan ga jirgin Kyrenia, na Girkawa, wanda ya nitse a arewacin tsibirin Cyprus wajen shekara 300 kafin Miladiyya. An ciro shi da gungumen jigonsa, an samu tsabar kuɗi a wasu sassan jirgin, amma ramin jigon wayam. Bayan wannan duka, a duba halin mai jirgi. Mutum ya zuba dukiyarsa ya sa an ƙera masa sabon jirgi, ranar kafa jigo ranar murna ce da fatan riba. Da wuya a ce abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne tanadin jana'izar yaransa.

Carlson ta nuna wata hanya da ta fi kama hankali: a bar duban maƙabarta, a dubi magina. Tun kafin a fara sa kuɗi a jirgi, mutanen yankin suna binne abu mai daraja a harsashin gini. A 1904 da 1905, D. G. Hogarth na gidan tarihin Birtaniya ya tona ƙarƙashin haikalin Artemis a Afisa, a yammacin Turkiyya ta yau, ya tarar da kayan ado da tsabar kuɗi na gaurayen zinariya da azurfa, waɗanda ke cikin mafi tsufan kuɗin da aka sani a duniya. Marubucin tarihin Rum, Tacitus, ya bayyana yadda aka aza harsashin sake gina babban haikalin Jupiter a birnin Rum ranar 21 ga Yuni na shekara ta 70, bayan ya ƙone a yaƙin basasar shekarar da ta gabata. Manyan gari da malaman addininsu da talakawa suka kama igiya suka jawo dutsen farko, aka yi ta watsa zinariya da azurfa da ɗanyen ma'adini a cikin ramin. A gidajen talakawa ma masu tono kan samu kwandala a ƙarƙashin daɓe ko dokin ƙofa. Niyyar a fili take: a ba da ɗan abu tun farko, don ginin ya tsaya, masu shi su zauna lafiya. Jirgi kuwa a wurin masassaƙinsa gini ne, gida ne da mutane za su kwana a ciki wata da watanni, gindin jigo kuma shi ne inda nauyin ginin ya taru. Ni dai wannan bayani ya fi kwanta mini, ko ba komai ya dace da hoton da ke kan kwandalar Blackfriars. Wanda ke tunanin mutuwa ba zai je neman mai hoton sa'a ba.

Daular Rum ta faɗi, gumakanta suka zama tarihi, al'adar ba ta bi su ba. A 2002, a garin Newport da ke kudancin Wales, ana haƙa harsashin gidan wasan kwaikwayo a bakin Kogin Usk, sai aka faɗa kan wani ƙaton jirgin fatauci na ƙarni na 15, tsawonsa ya haura mita 30. Da farko an so a ɗauki bayanansa kawai a ci gaba da gini. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba, suka yi ta zaman dirshan a bakin wurin dare da rana har hukuma ta saki kuɗi aka kwashe katakan ɗaya bayan ɗaya. Shekaru bayan haka, ana wanke katakan ana auna su, sai aka lura da wani ɗan gurbi da aka fafe a jikin ƙashin bayan jirgin, daidai inda ya haɗu da katakon goshi. A ciki akwai 'yar kwandalar azurfa ta Faransa, wadda aka buga a garin Crémieu a 1447 da sunan yarima Louis, wanda daga baya ya zama Sarki Louis na 11. Gefe guda gicciye ne, da rubutun Latin na yabon sunan Ubangiji.

Abu biyu suka canza a nan. Fortuna ta tafi, gicciye ya maye gurbinta, domin masu ƙirar Kiristoci ne. Wurin ajiyar ma ya gusa daga gindin jigo zuwa mahaɗar katakai biyu na farko da ake soma ginin jirgi da su. Wannan na biyun ya ƙara wa maganar harsashi ƙarfi, don kuwa babu wani wuri a jirgi da ya fi wannan kama da dutsen farko na gini. Masassaƙin sai da ya ɗauki kurfi ya fafe gurbi daidai girman kwandalar, ya kwantar da ita, sannan aka haɗa katakan aka ɗaure.

Wani amfani da masu ajiyar ba su yi nufinsa ba shi ne wanda masana tarihi ke ci a yau. Katako ba ya ɗauke da kwanan wata, kwandala kuwa tana ɗauke da shi, ko da sunan sarkin da aka buga ta a zamaninsa. Tunda ba yadda za a yi ta shiga ramin kafin a buga ta, ta kafa iyaka: aikin bai girmi wannan shekara ba. Sai dai iyakar ta gefe ɗaya ce, kuma mai gaggawa yakan faɗi a nan. A Newport an yi dace. Kowace shekara itace yakan ƙara zobe ɗaya a cikin kututturensa, mai faɗi a shekarar ruwa, siriri a shekarar fari, kuma da aka gwada jerin zobban katakan jirgin, sai suka dace da na dazukan ƙasar Basque a arewacin Sifaniya, an kuma sare itatuwan ba da jimawa ba bayan 1449. Kwandala da katako suka ba da shaida kusan iri ɗaya. A Blackfriars kuwa da an dogara da kwandala kaɗai, da an tsufar da jirgin da shekara sittin. Victory ya fi su duka rikitarwa. An sauke shi a ruwa a Chatham tun 1765, kwandalarsa kuma ta 1894 ce, tazarar shekara 129. Dalili shi ne jigo yakan ruɓe ko ya karye a sauya shi, wani lokaci sau da yawa a rayuwar jirgi ɗaya. Jigayen da ke kan Victory a lokacin sun lalace, sai aka ciro na ƙarfe daga wani jirgin da aka yi wa ritaya, HMS Shah, wanda aka raɗa wa suna don karrama Sarkin Farisa da ya ziyarci Ingila a 1873. Ashe shekarun jigo kwandalar ke faɗa, ba na jirgi ba.

Akwai masu cewa babu wani camfi a ciki, dabara ce kawai ta kafintoci. Ramin jigo wuri ne da ruwa ke kwanciya, ruɓa kuma daga nan take farawa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga funfuna da ƙwarin ruwa. Maganar guba gaskiya ce, don ita ce ta sa sojan ruwan Ingila suka fara lulluɓe gindin jiragensu da fallayen jan ƙarfe tun daga 1761. Amma mai son kare gungumen da ya kai girman mutum ba zai jefa masa abu kamar ƙumba ya tafi ba, falle guda zai shimfiɗa. Kuma azurfar Newport ba ta shiga wannan lissafi.

Yau yawancin jiragen yaƙi da na fasinja ba su da ƙyallen iska, abin da ake kira jigo a kansu hasumiyar ƙarfe ce mai ɗauke da na'urorin hangen nesa da na sadarwa. Bikin kuwa sai ma ƙara girma da ya yi. A rundunar sojan ruwan Amurka ana zuba tsaba a ƙaramin akwati a liƙe shi da walda a gindin hasumiyar, kuma sau da yawa akan zaɓi kuɗin da jimillarsu ta zo daidai da lambar jirgin: idan lambarsa 112 ce, a haɗa santi 112. Akan ƙara da lambobin yabo da wasiƙu da wani abin tunawa daga iyalan wanda aka sa wa jirgin sunansa. Kamfanin Cunard, da ake ƙera masa jirgin Queen Elizabeth a Monfalcone ta Italiya, ya sa an liƙe tsaba uku a gindin jigonsa a watan Janairun 2010: ta sule biyu da sisi ta 1938, shekarar da aka sauke jirgi na farko mai wannan suna, da ta zinariya ta 1967, shekarar na biyu, da wata ta zinariya ta 2010. Wasu masana'antun kuma tun ranar aza tubalin ƙarfe na farko suke sa tasu a ƙarƙashinsa, irin yadda aka yi a Newport, in jirgi ya tashi fita a ciro ta.

Bambancin da ke tsakanin wannan da na da ba ƙarami ba ne. Ta da, talakan kuɗi ce daga aljihun ma'aikaci, an sa ta inda ido ba zai gani ba. Ta yanzu sau da yawa bugun musamman ce mai ɗauke da tambarin kamfani, ana sa ta gaban 'yan jarida, a wasu jiragen ma bayan gilashi take don fasinja su ɗauki hoto. Ban ce wannan laifi ba ne, amma talla ce, kuma wanda zai tono ta nan da shekara dubu ba zai sha wahalar Peter Marsden ba, komai an rubuta masa.

Inda al'adar ta fi kama da yadda take a da shi ne wurin masu ƙananan jiragen iska na shaƙatawa, waɗanda kan sauke jigonsu idan sanyi ya shigo su mayar da shi da bazara. Har yanzu mutum kan laluba aljihu ya nemi kwandala mai shekarar haihuwar ɗansa ko shekarar da ya sayi jirgin. Sai dai su kuma wata matsala ta same su da Rumawa ba su sani ba. Yawancin jigayen yanzu na alminiyum ne, kuma idan jan ƙarfe ya taɓa alminiyum a cikin ruwan gishiri, ɗan lantarki yakan gudana tsakaninsu, alminiyum ɗin ya riƙa zagwanyewa daga gindi. Shi ya sa masu gyaran jirgi kan ce wa mai shi, in dai sai ya sa, to ya dulmiya ta a cikin gam mai tauri ko ya naɗe ta a roba tukuna, don kada ƙarfen biyu su haɗu.